Shekarar da Inna Ta Kife Tukunya

Na san abin da kuka ji a kaina, don haka kada wani cikinku ya yi mini fuskar bai sani ba. Kun ji shi a makaranta, kun ji shi a gidan biki, ke Rabi har da kukanki kika dawo ranar da wata ta ce miki 'yar Haladu Mai-alade. An ce muku na yi kiwon aladu, an ce na ci namansu, an ce kakarku ta yi mini baki kafin ta rasu. Maganar cin nama ƙarya ce, ba zan ma ɓata tawada a kanta ba. Sauran kuwa sai kun zauna, domin ni na gaji da ɗaukar wannan magana ni kaɗai, ga shi idona ya fara hana ni rubutu.

Inna, mahaifiyata, tuwo take sayarwa a cikin gida. Tun da Baba ya rasu da wannan tuwon ta riƙe mu, da shi na yi makaranta, da shi aka yi mini aure da mahaifiyarku. A lokacin Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan, cike take da fataken shanu, waɗanda suka sauko da su ta jirgin ƙasa da waɗanda suka koro su a ƙafa, kowa ya sauka gidan maigidansa ya yi sati biyu ko uku kafin ya sayar ya koma. Baƙo kuwa ba zai ci amala, tuwon Yarabawa, a rumfar abinci ba, yana son tuwon da ya san hannun da ya tuƙa shi. Da hantsi sai su zo su jera kwanukansu a zaurenmu, kowa da alamarsa, wani ya ɗaura zare a murfi, wani ya karce gindi da ƙusa. Inna ba ta san fuskokinsu ba, amma ta san kwanukansu sarai. Ta san mai son miya da yawa, ta san wanda haƙoransa suka zube sai an tsinka masa nama. Tana da wata tukunyar ƙarfe mai kunne biyu, sai mutum biyu suke sauke ta daga murhu. In ta zuba, sai ta miƙo ta bayan labule, a ci a zaure ana hira har la'asar. Nawa aikin guda ɗaya ne a cikin wannan sana'a: tun ina ɗan shekara goma sha biyu ni nake zuwa kwata bayan sallar asuba in sayo mata nama. Duk Sabo an san naman miyar Inna ta hannun Haladu yake shigowa.

Da na gama makaranta sai wani abokin Baba ya sama mini aiki a wata tashar binciken cututtukan dabbobi, can hanyar Oyo wajen Akinyele. Ku da kuke bin hanyar a mota yanzu ba za ku gane ba, a da daji ne da gonakin koko, a keke nake zuwa. An sa ni a ɓangaren shanu: in riƙe, in ɗebi jini, in wanke kwalabe, in rubuta lamba. A Sabo har malamin dabbobi ake ce mini, fatake na kawo mini ƙorafin shanunsu ina ba su shawara kamar na san wani abu. Wata rana aka sauya kayan sito, aka raba wa ma'aikata tsofaffin, ni na samu wani farin bokitin tangaran mai murfi, da jan rubutun tashar a jikinsa. Na kai wa Inna, ta yi murna, ta ce ƙuda ba zai ƙara taɓa mata nama ba. Tun daga ranar a cikinsa nake sayo naman.

A can ƙarshen tashar, bayan shingen waya, akwai ɗakunan aladu. Mai kula da su wani Inyamuri ne, Fidalis, haihuwar Sabon Garin Zariya, Hausa a bakinsa ta fi tawa tsabta, don ni tawa ta sha Yarabanci. Kullum yana tsokanata wai in daina ce masa pele, in ce sannu kamar ɗan arziki. Da ya ji mahaifiyata na tuwo sai ya kawo nasa kwanon, kore mai hoton fure, na riƙa ɗauro masa a bayan keke. Inna ba ta taɓa ganinsa ba a lokacin, amma in na manta kwanon sai ta ce ina na ɗanta na Zariya.

Aikin da suke yi shi da shugabanmu, wani likita Bayarabe da muke kira Oga Dokita, kan wata cuta ne da ke shiga garken aladu a ƙauyuka ta share shi. Alade zai ƙi cin abinci, jikinsa ya yi zafi, kunnuwansa da cikinsa su yi ja su koma baƙi-baƙi, ya kwanta, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Oga ya ce bairos ne, wato ƙwayar cuta ƙarama wadda ko madubin likita ba ya nuna ta. Yadda suka gane shi ne, sukan tace jinin marar lafiya ta wani matacin tangaran da ke tare duk ƙwayoyin da ake iya gani, su yi wa lafiyayye allura da abin da ya wuce, sai shi ma ya kwanta. Burinsu su raunana cutar ta hanyar bi da ita jikin zomaye, daga wannan zuwa wancan, har ta yi laushin da za a yi rigakafi da ita. Aiki ne da ba ya son a tsallake ko kwana ɗaya. Safe da yamma sai an auna zafin kowace dabba an rubuta, ga firji mai kananzir da in ya mutu wahalar shekaru ta tafi a banza.

Sai ƙasa ta rikice. Ba zan ba ku labarin yaƙin basasa ba, kun karanta. Abin da na gani da idona shi ne mutanen Gabas suna ɗaure kaya suna barin Ibadan, mu kuma a Sabo kullum da sabuwar jita-jita, yau a ce za a kore mu Arewa, gobe a ce ƙarya ne. Mu da aka haifa a nan ba mu san wata Arewa ba sai a bakin fatake. Unguwa ta takura, kowa na duban kowa, ana son a tabbata wane namu ne na gaske. A cikin wannan hali Fidalis ya tare ni a gindin mangwaron da muke cin abinci, ya ajiye kwanon bai buɗe ba.

"Haladu, jibi zan kai iyali gida. Ina so ka riƙe mini aikina."

"Wane aikin? Aladun?"

"Su. Oga ya ce in wani ma'aikaci na ciki ya yi riƙon ƙwarya, sunana zai zauna a takarda har in dawo. In aka ɗauko sabo daga waje, shi ke nan."

"To ga abokan aikinmu su Lasisi nan, su da ba ruwansu da ƙyamar alade."

"Shi ya sa ba zan ba su ba. Duk wanda na ba a cikinsu, in ya zauna ba zai tashi ba. Kai kaɗai na san ba ka son wannan aiki, don haka kai kaɗai za ka mayar mini da shi. Wata uku ne, ko huɗu."

Na yi dariya, don maganar ta ba ni dariya, shi bai yi ba. Yana da 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Na ce masa to. Wallahi ban yi wani dogon tunani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa jarumta ce ta sa ni ba. Kunyar idonsa na ji, na kuma ɗauka wata uku ba komai ba ne.

Washegari na je wurin Malam Hamisu, wanda nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba, na tambaye shi a keɓe. Ya jawo littafi ya duba, ya ce a abin da ya karanta dabba mai rai ba najasa ba ce, ko da alade ne, amma jininsa da mushensa najasa ne, in ya taɓa ni in wanke, in sauya tufa kafin salla. Ci ne haramun, kuma neman maganin cuta ba laifi ba ne. Har na miƙe sai ya riƙe mini hannun riga.

"Wannan amsar littafi ce. Mutanen Sabo kuwa ba littafi suke dubawa ba. Ka gaya wa mahaifiyarka?"

Na ce zan gaya mata. Ban gaya mata ba. A nan laifina yake, ku rubuta shi a kaina, ba a wurin aladu ba. Da na buɗe baki a ranar, da ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta sa wani ya riƙa sayo mata nama, ta jefar da farin bokiti, a wuce wurin. Amma na ji nauyinta, na ce wata uku ne, wa zai sani. Na ci gaba da zuwa kwata kowace asuba da bokitin nan a hannu kamar ba abin da ya sauya.

Wata uku ya zama shekara. Ba wasiƙa, ba labari, hanyar Gabas ta rufe. Ni kuwa kullum in sa takalman roba da rigar aiki, in taka cikin kwamin ruwan magani, in shiga. Alade ba saniya ba ne, ba ya tsayawa, ihunsa har cikin ƙoƙon kai, kuma ma'aunin zafin ta baya ake sa masa. Makon farko sai da na yi amai sau uku. In na fito in yi wanka da sabulu mai wari, in sake yi, in sauya kaya, in yi alwala, duk da haka ina salla ina shinshina hannuna. Daga baya na saba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na kai in na leƙa da safe, tun kafin in auna na san wanda zai kwanta, daga yadda ya soke kai cikin ciyawa. Oga Dokita ya ce idona ya fi ma'auni. Na kuma ga mutanen ƙauye da ke zuwa, wata tsohuwa ta zo daga wajen Akinyele a ƙafa, aladunta duka sun mutu cikin mako guda, da su take biya wa jikokinta makaranta. Ta zauna a ƙasa tana kuka irin kukan da na taɓa gani a wurin Bafulatanin da ciwon bushiya ya cinye masa garke. Tun daga ranar na daina yi wa aikin kallon wasa, ko da yake ban taɓa son sa ba.

Asirina ya tonu ne ta hannun wani bafatake, Alhaji Ɗanjuma, mai kwano da jan zare a murfi. Bijiminsa ya kwanta, aka ce ya kai tashar, ya zo yana tambayar ina Haladu malamin dabbobi. Maigadi, bawan Allah, ya nuna masa bayan shinge. Na ɗago kai ke nan, ina durƙushe, na danne wani alade da gwiwa, sirinji cike da jini a hannuna, sai muka haɗa ido. A gefena kuma ga farin bokitin tangaran mai jan rubutu, irin na Inna sak, don duk bokitan tashar iri ɗaya ne, cike da kayan cikin wanda ya mutu da safe. Alhaji ya dubi bokitin ya fi yadda ya dube ni. Ya tofar da yawu, ya juya.

Ba wanda ya zo ya yi mana faɗa, da ma an yi da ya fi sauƙi. Kwanuka ne kawai suka fara raguwa. Washegari babu mai jan zare da na mutanen gidan da ya sauka. Kwana uku, rabin zaure fili. Inna na tsammanin yaƙi ne ya hana shanu saukowa. Hannunta kuma bai san awon kaɗan ba, shekara ashirin tana tuƙa wa taro, sai ta ci gaba da cika tukunya, tuwo na kwana. Ta aika wa maƙwabta, aka dawo da shi a rufe, wai sun ƙoshi. A kwana na takwas wata ƙawarta ta shigo ta gaya mata abin da ake faɗa: wai ɗanta na yanka aladu a wurin Nasara, yana kawo mata ragowar a farin bokiti. Da na dawo na tarar da ita zaune a tsakar gida, bokitin a gabanta.

"Haladu, zo nan. Aladu kake taɓawa?"

"E, Inna. Amma bokitin nan bai taɓa..."

"Ban tambaye ka bokiti ba. Tun yaushe?"

"Tun tafiyar Fidalis."

"Shekara guda. Shekara guda kana fita da wannan hannu ka sayo mini nama, ina zuba wa bayin Allah, suna ci don sun yarda da ni. Ko sau ɗaya ba ka ga na isa ka gaya mini ba."

Na rantse mata naman daga kwata yake, mahauta ma shaida ne. Ta ce ta sani, ita ta haife ni, ba sai na rantse ba. Abin da ya ƙone ta shi ne an tambaye ta ba ta da amsa, a cikin gidanta baƙuwa ta fi ta sanin ɗanta. Na koma wurin Malam Hamisu na roƙe shi ya faɗi a masallaci abin da ya faɗa mini a ɗaki. Ya ce in an tambaye shi zai faɗa. Ba wanda ya tambaye shi, shi kuma bai ɗaga murya ba. Na daɗe ina jin haushinsa, yanzu na bari, lokacin kowa tsoron a ware shi yake yi. Mahauta biyu sun yi magana, aka ce ai ciniki suke karewa. Na dawo na durƙusa na ce wa Inna gobe zan ajiye aikin.

"In ka ajiye gobe, jibi za su dawo da kwanukansu?"

Na dubi ƙasa.

"Ba za su dawo ba. Wanda ya yi ƙyamar abinci sau ɗaya ya gama da shi. Ni na rasa sana'ata, kai kuma kana so ka rasa alkawarin da ka ɗaukar wa yaron mutane, mu tashi ba ko ɗaya. Koma ka riƙe masa. Tashi ka ba ni wuri."

Da yammar nan ta kira mahaifiyarku suka sauke babbar tukunya, ta wanke ta da toka, ta kife ta a bayan ɗaki. Ta koma ƙulla daddawa da kuka tana bayarwa a kai kasuwa inda ba a san na wace ce ba. Kusan wata shida in na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice, ba ƙari. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, duk wanda ya ce muku ta yi bai shiga gidanmu ba. Amma ta rame, ta rage magana, da hantsi sai in ga ta kalli labulen zaure kamar tana jiran motsin kwano. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

Na ƙara shekara biyu a bayan shingen nan. Kada ku zaci an samu rigakafin. An yi ta bi da cutar jikin zomaye, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya, wani lokaci a mayar da ita jikin alade ta kashe shi kamar ba a yi komai ba. Oga Dokita ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce ko gane hanyar da ba ta ɓullewa ilimi ne. Wataƙila haka ne, ni dai gajiya na sani. Sunan Mai-alade kuwa ya zauna daram, har wanda bai san dalili ba yana kira.

Bayan an gama yaƙi da 'yan watanni, ina cikin wanke ɗakin zomaye, na ji an ce, "Malam, sannu, ba pele ba." Na juyo na ga wani tsoho cikin wando da ya yi masa yawa. Sai da ya yi dariya na gane Fidalis ne. Ƙaramar 'yarsa ta rasu a can, sauran suna raye. Sunansa na nan a takarda, ranar Litinin ya karɓi takalmansa na roba, ni na koma wurin shanu. Da muka tashi ya ce shekara uku yana mafarkin tuwon Inna, yana so ya je ya gaishe ta da bakinsa. Na rasa yadda zan hana shi.

Na gaya wa Inna da dare ya yi kusa, ina tsoron abin da za ta ce. Ta ci gaba da ƙulla daddawarta. Da asuba na ji ƙarar ƙarfe, na fito na tarar ta tono tukunyar daga bayan ɗaki tana kankare tsatsa. Na ce Inna, mutum ɗaya ne fa, ƙaramar ma ta isa. Ta ce ita ba ta iya tuwon kirki a ƙaramar tukunya ba. Sannan ta miƙo mini ƙwarya.

"Je ka kwata. Ka ce ƙirji nake so, mai ɗan kitse."

Rabona da sayo mata nama tun ranar da ta kife tukunya. Na karɓi ƙwaryar na fita da sauri don kada ta ga idona.

Fidalis ya zo bayan azahar da koren kwanonsa, wanda ya bari a tashar na adana masa. Ya zauna a zaure, ni da shi kaɗai a kan tabarmar da a da take ɗaukar mutum ashirin. Inna ta miƙo tuwo ta bayan labule, ya ci, ya ƙara, gumi na zubo masa. Ya gode mata, ya ce ɗanta ya yi masa abin da ɗan'uwa na jini ba zai yi ba. Sai ya dubi zauren, ya dubi bangon da ake jera kwanuka.

"Inna, ina mutanenki? Haladu kullum yana ba ni labarin nan ba a samun wurin zama."

Na sunkuyar da kai ina jira, don in ta faɗa gaskiya ta faɗa, kuma tana da iko. Sai muryarta ta fito daga bayan labulen.

"Tsufa ne, ɗana. Na gaji, na bari. Miƙo kwanon in ƙara maka."

Fidalis ya yi aiki har ya yi ritaya, ya rasu bai san abin da riƙon aikinsa ya ci ba, ni kuma ban gaya masa ba tunda ita ta rufe. Inna ta yi shekara huɗu bayan wannan rana. Ba ta taɓa ce mini ta yafe ba, ni ma ban iya tambaya ba, amma har ta kwanta ciwon ajali ni nake sayo mata nama. Tukunyar tana nan a ɗakin ajiya, ita ce wadda kuke cewa in sayar wa masu gwangwan tana cin wuri. Ba zan sayar ba. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da ita, amma yanzu kun san ta wace ce.